Shiggar ƙasa da ta cinye kuɗin Hajjin imara guda a Makka

Imarar, wato gidan bene na haya, tana gefen unguwar Rusaifa ne a Makka, hawa uku, shigga shida, wato sassa shida kowane na iyali guda, kuma ta gado ce. Wanda ya gina ta Bahaushe ne mai jinsiyar ƙasa, wato ɗan ƙasar Saudiyya, cikin waɗanda kakanninsu suka tako a ƙafa ta Sudan suka tsallako Bahar Maliya suka zauna, irin waɗanda a katinsu ake rubuta Hausawi. Ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar, maza biyu mata uku. In ka yi lissafin gado abin ya faɗo daidai wa daida, Hajiya tana da tumuni, kowane namiji kashi biyu cikin takwas, kowace mace kashi ɗaya. Ku riƙe wannan lissafin don zai dawo. Sakkin gidan, wato takardar mallaka, har lokacin da sunan marigayi yake, sai magada suka yi wa babban ɗan wakala ta Najiz, dandalin intanet na ma'aikatar shari'a, ya riƙa sa hannu a madadinsu, amma fa a zahiri Hajiya ke juya komai, ita ake zuwa gaisarwa, ita ake roƙo, ita ke cewa a ba wane kar a ba wane. Ni maƙwabcinsu ne, masallaci ɗaya muke sallah, kuma ina cikin waɗanda aka zaunar a maganar sulhu, shi ya sa na san cikinta.

Wanda bai zauna Makka ba sai an yi masa bayanin yadda haya take a nan. Imarori da yawa kuɗinsu na gaske ba a hannun ɗan hayan shekara yake ba, a Hajji yake. Mai gida zai sauke maka kuɗin haya bisa sharaɗin in Zulƙida ta raba ka kwashe iyalinka da kayanka ka bar masa gidan, ya ba alhazai, bayan an watse ka dawo. Ba kuma haka kawai ake zuba alhazai ba, sai da tasarihi, wato takardar izni, sai 'yan Difa'ul Madani, wato 'yan kwana-kwana, sun gamsu da kayan kashe gobara da hanyar fita, kuma dillalan da ke kama gida imara suke so gaba ɗayanta ba kowa a ciki. Haka marigayi ya yi ta yi, haka ya bar musu.

To a Muharram 1445, wato Yulin 2023, shiggar ƙasa ta hagu ta fita, sai aka kawo wa Hajiya wani direban kamfani, shi ma haifaffen Makka ne amma da igama yake zaune, wato katin iznin zama na baƙi, fasfonsa na Najeriya ne alhali ko Kano bai taɓa gani ba, matarsa kuma 'yar ƙanwar wata aminiyar Hajiya ce. Aka yanka riyal 16,000 a shekara, biya huɗu, dubu huɗu-huɗu, da sharaɗin fita lokacin Hajji. Babban ɗan ya je ofishin dillalin gidaje aka shigar da agadin, wato yarjejeniyar hayar, a Ejar, dandalin gwamnati na hayar gidaje, kamar yadda doka ta ce, don tun 2018 aka wajabta shigar da hayar gidajen zama a can, kuma wanda bai shigar ba kotu ba ta kallon takardarsa. Dillali ya karɓi ladansa na kashi 2.5 cikin ɗari na hayar shekara. Sai ɗan ya ce a ƙara masa layi ɗaya a ƙasa, a rubuta maganar fita a Zulƙida, a tunaninsa ya ƙulle ƙofa kenan.

Layin nan shi ya buɗe ta. Agadin Ejar na bai ɗaya, in ba a taɓa shi ba, takarda ce da ake zartarwa kai tsaye, ma'ana in ɗan haya ya ƙi biya ba sai ka tsaya shari'a ba, Najiz za ka shiga ka kai kotun tanfizi mai zartar da hukunci, a ba shi kwana biyar, in bai biya ba a riƙe masa asusun banki a hana shi fita ƙasar. Amma da zarar an ƙara sharuɗɗa na gefe agadin ya sauka daga wannan matsayin, ya koma sai an bi ta kotu an saurari kowa. A jikin takardar ma ana rubuta hakan ƙuru-ƙuru, sai dai wa ke karantawa? Mutum ya ga saƙo ya shigo waya ya danna amincewa ya mayar aljihu. Ni dai a ganina dillalin ya kamata ya buɗe baki ya faɗa masa, ladan da ya karɓa ai na wannan ne.

Biya uku na farko sun shigo lafiya lau. Abin da mutanen imara suka fara lura da shi takalma ne a bakin ƙofa. Gidan da aka ce mutum shida ne, miji da mata da yara huɗu, sai ga silifa sun cika dandamali har kan matakala, manya da ƙanana, kullum ƙaruwa suke. Ashe yayar matar ce da yaranta suka tare, suna cikin waɗanda rusau ɗin Jidda ya taso, wanda aka fara ƙarshen 2021 aka yi ta yi cikin 2022 ya shafe unguwanni irin su Gulail da Bitrumin da Karantina da Sabil inda mutanenmu suka fi yawa, kuma wanda ba ɗan ƙasa ba bai ga diyya ba, haya kuma ta yi tsalle a Jiddan. Sun yi ta raɓe-raɓe a gidajen dangi har suka ƙare a nan. Wannan kowa ya ji tausayi, Hajiya ma cewa ta yi a ƙyale su. Abin da ba a sani ba sai daga baya, akwai wasu mata biyu da suka shigo da bizar ziyara ta ƙare suka maƙale, an ware musu majalisi, wato falon baƙi, kowacce tana ba direban riyal 500 a wata. Ya zama mai gida a cikin gidan wani kenan, alhali agadin da ma dokar mu'amalar farar hula da ta fara aiki Disambar 2023 duk sun hana ɗan haya ya ba wani haya sai da iznin mai gida.

Kar a yi saurin cewa mugu ne. Ku duba kuɗin murafiƙai kawai, wato harajin iyalin baƙo. Tun Yulin 2017 aka sa wa baƙon da ke aikin kamfani mai iyali a kan igamarsa riyal 100 kowane kai a wata, ya koma 200 a 2018, 300 a 2019, daga Yulin 2020 ya tsaya a 400. Mata ɗaya da yara huɗu, 2,000 kenan duk wata, 24,000 a shekara, ya fi kuɗin hayar gidan ma, ga mutumin da albashinsa bai kai dubu uku da rabi ba. Ba zai ce zai mayar da su gida ba don nan ne gidan. Dubu ɗayan da yake karɓa hannun matan nan ita ke toshe masa rami. Ban ce daidai ya yi ba, amma na san gidaje da yawa a Shara Mansur da Hosh Bakar da haka ake rayuwa.

Rigimar farko a fili ta wuta ce. Asali hawan ƙasa shigga ɗaya ce babba, marigayi ya raba ta biyu da bango bai nemi mita ta biyu ba, sai suka zama gida biyu mita ɗaya, fatura, wato takardar kuɗin wuta, in ta zo a raba biyu. Da dai babu matsala. Amma mutum goma sha wani abu a gida ɗaya, mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, har huɗu suna ruri dare da rana a zafin Makka, ga farashin da aka sa tun Janairun 2018 halala 18 ne (halala ɗari ce riyal ɗaya) kowane kilowat har zuwa 6,000 a wata, abin da ya haura kuma halala 30, sai fatura ta riƙa haurawa. Maƙwabcin dama, wani dattijo tela da shi da matarsa kawai, ya hau sama da takardar a hannu yana rawar jiki ya ce "Hajiya ni mukayyif ɗaya gare ni, shi ma sai bayan azahar nake kunnawa, a kan me zan biya rabin wannan?" Gaskiyarsa. Ruwa ma haka, tankin ƙasa da ke kai su har zuwan ruwan gwamnati na gaba sai ya ƙafe a tsakiya, a yi ta karo-karon kiran tanka, na sama suna ƙorafi su ba su suka shanye ba.

Sai Hajjin 1445 ya matso, Yunin 2024. An riga an shirya da wani dillali zai ɗauki imarar duka a riyal 80,000, har ya ba da kafin alƙalami 10,000. Mutum biyar suka tattara suka fita yadda aka saba, wasu Ɗa'ifa wajen dangi wasu Jidda. Direba ya ce gobe, ya ce jibi, ƙarshe ya zo ya durƙusa gaban Hajiya ya ce shi da iyalinsa za su iya raɓawa wani wuri amma yayar matarsa da yaranta fa, titi zai zuba su? Matan biyu bai ko ambace su ba, su kuma ko ƙofa ba sa iya leƙawa a lokacin saboda kame. Dillali ya zo ya ga shanya a taga ya juya, aka mayar masa da kuɗinsa. Imara ta wuce Hajji da shigga biyar a rufe ba kowa. Da mutanen suka dawo suka ji labari sai aka samu sabon rikici, suna cewa an wahalar da mu a banza, kuma wanda ya ƙi fita ba abin da ya same shi, to mu ma baɗi ba inda za mu.

A nan ne ya kamata a raba gari, don agadin ya zo ƙarshe a Muharram 1446, biya na huɗu ma bai shigo ba. Babban ɗan ya ce "Ummi mutumin nan ya fita." Sai aka fara zarya, aminiya ta zo, liman ya zo, aka tuna wa Hajiya cewa mahaifiyar yarinyar nan ta yi mata jinya shekarun baya. Hajiya ta ce "kai yaron nan, ubanka bai taɓa korar kowa ba, ba za a fara a kaina ba." Aka ce to a sabunta. Aka je ofis, sai ga shi kamfanin direban ya durƙushe, albashi ya tsaya, igamarsa ta mutu ba a sabunta ba, ofis suka ce su ba za su iya shigar da agadi da matacciyar igama ba. Shikenan aka bar shi yana zaune haka nan, ba takarda, in ya samu wani abu ya hau sama ya miƙa wa Hajiya a hannu ta sa ƙarƙashin filo. Alhali tun 15 ga Janairun 2024 Ejar ta mayar da biyan hayar gidajen zama ta hanyoyinta kawai, Mada ko Sadad, wato ta katin banki ko ta tsarin biyan kuɗi na banki, daidai don kashe irin gardamar da ta biyo baya: shi ya ce ya kawo 4,000 a karo uku, ita ta ce 2,500 ta tuna, ba rasit ba shaida, kuma wallahi ban yi zaton akwai mai ƙarya da gangan a cikinsu ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai a lamarin nan shi ne wannan. Alherin da Hajiya take yi, da dukiyar wa take yi? Nata kashi ɗaya ne cikin takwas. Sauran bakwai na 'ya'ya ne, cikinsu akwai wadda aka saka tana zaune da yara uku, akwai ƙaramin da ke tara kuɗin aure. Ba wanda ya iya faɗa mata a ido saboda uwa ce, sai 'yar da ke aure a Madina, ita ce ta bugo wa yayanta ta ce "Yaya, ni ban yafe ba, dubu goma ce rabona a kuɗin Hajjin nan, wa ya tambaye ni kafin a bar shi? In ba za ka iya ba zan soke wakalata." Dangi suka yi ca a kanta wai ba ta da kunya. Ni kuwa ban ga laifinta ba, haƙƙinta ta nema, kuma soke wakala a Najiz danna waya ne kawai, da ta yi da komai na imarar ya tsaya cak.

Matsin nan ne ya sa ƙaramin ɗan ya yi aika-aika. Wata rana da rana tsaka ya sauka ya kashe wutar hawan ƙasa daga akwati ya sa kwaɗo, ya manta mita ɗaya ce, sai ga dattijo tela da matarsa mai ciwon suga su ma cikin zafi, insulin ɗinta na cikin firji. Kafin la'asar magana ta kai wajen umda, wato mai unguwa. Umda ya kira yaran ya ce musu mai gida ba shi da ikon yanke wa ɗan haya wuta ko ruwa ko canza kwaɗo ko da shekara nawa yake binsa, in mutumin nan ya kai ƙara ku za ku koma masu amsa tambaya. Ya kuma tambaye su su waye a cikin gidan, sun san su? A nan maganar matan biyu ta fito, don tela da ransa ya ɓaci ya zazzage komai. Jikin kowa ya yi sanyi, saboda ba wa wanda ya saɓa dokar zama masauki laifi ne mai tara da ɗauri, wanda ya ɓoye masu tsallako iyaka kuwa hukuncinsa na kaiwa shekara 15 da riyal miliyan ɗaya har da ƙwace gidan da aka ɓoye su. Su waɗannan ba iyaka suka tsallako ba, amma wa ke son a fara buɗe masa fayil?

Babban ɗan ya je ya ga lauya. Lauya ya shimfiɗa masa yadda take: tsohon agadi ba ya zartuwa kai tsaye saboda layin da aka ƙara, zaman shekara ta biyu kuma babu agadi sam, sai an fara shigar da shi a Ejar ta hanyar da aka tanada wa ɓangare ɗaya ya tabbatar akwai haya kafin kotu ta saurara, sannan a nemi kuɗi da fitarwa, a jira zama, a jira hukunci, sannan a koma tanfizi. Za ku yi nasara, ya ce, amma a kan wa? Mutumin da asusunsa ba ko riyal, hana shi fita ƙasa kuma ba zai dame shi ba tunda ba inda za shi. Kuɗin Hajji ma da wuya ku tabbatar. Ya ce ku nemi gidanku tukuna, kuɗi ya biyo baya, kuma duk abin da kuka shirya kar ku bar shi a baki, ku kai shi Taradi, dandalin sulhu na ma'aikatar shari'a, don takardar sulhun da ta fito daga can ita ma ana zartar da ita kamar hukunci.

An zauna a gidan liman cikin Sha'aban, bayan isha'i, da shayi da dabino, 'yar Madina tana kan waya a buɗe. Maganar 1,500 ɗin da ake gardama a kai ta kusa watsa zaman, direba ya ce a kawo Alƙur'ani, liman ya ce ba za a yi rantsuwa tsakanin uwa da ɗa a gidansa ba, babban ɗan ya ce an karɓi maganar direba. Bashi ya tsaya 16,000 kenan, dubu huɗun bara da sha biyun bana. Hajiya ta ce a yafe duka. Shiru ya ɗan yi tsawo, sai liman ya ce "Hajiya, naki za ki yafe, Allah ya ba da lada, na yara kuma sai sun faɗa da bakinsu." Aka bi su ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yafe. Aka cire mata 2,000 ɗinta, saura 14,000, riyal 500 duk wata, ƙanin matar direban wanda ke da aiki a tsaye ya tsaya masa. Zai fita kafin ƙarshen Shawwal, ba a tashe shi cikin azumi ba, matan biyu kuma su bar gidan cikin satin. Asarar Hajji aka bar ta, 'yar Madina ta ce ta bari ne don ba yadda za ta yi, a rubuta haka. Ba a rubuta ba, amma kowa ya ji.

Ya fita ana saura kwana biyu Shawwal ta ƙare, ya koma wani ɗaki biyu can bayan gari. A daidai kwanakin ne ma'aikatar cikin gida ta sanar da tarar da ta kai riyal 100,000 ga duk wanda ya ba mai bizar ziyara masauki a Makka daga 1 ga Zulƙida zuwa 14 ga Zulhajji, ƙaramin ɗan ya turo min hoton sanarwar ba tare da ya rubuta komai ba. Shiggar kuwa sai da ta ci wajen 7,000 a gyara, an kafa katako an raba majalisi biyu, famfon banɗaki ya daɗe yana yoyo ba wanda ya faɗa don kar mai gida ya shigo ya ga yawan mutane, ruwan ya bi bango ya kumbura fentin tela. Hajjin 1446 sun samu sun bayar, amma a ƙasa da farashin bara don sun makara wajen neman dillali.

Yanzu duk agadin imarar na wata goma ne cif, daga Muharram zuwa ƙarshen Shawwal, ba a ƙara ko harafi a ƙasa, ranar ƙarewar ita ce sharaɗin fita, kuɗi kuma ta Sadad kawai, an roƙi Hajiya ko an kawo mata kar ta karɓa. Sai kuma ga sabon tsarin da ya fito 25 ga Satumban 2025, wanda ya daskarar da ƙarin haya na shekara biyar a Riyad kaɗai, amma ya sa a duk ƙasar agadi na sabunta kansa in ba a sanar da ɗaya ɓangaren ba kwana 60 kafin ya ƙare, don haka babban ɗan ya sa wa wayarsa tuni tun cikin Sha'aban ya tura wa kowa sanarwa. Mita ta biyu an nema, ashe sai an gyara maganar sakki da lasisin gini tukuna tunda a takarda hawan ƙasa shigga ɗaya ce, kafin nan tela na biyan kashi ɗaya cikin uku. Ɗari biyar ɗin tana shigowa wani watan, wani watan sai an buga wa ƙanin matar. 'Yar Madina kuma ta kawo maganar a sayar da imarar kowa ya kama rabonsa, Hajiya ta ce sai bayan ranta, a nan ake har yanzu.